Abin Lura a Gaɓar Wuƙa

Wuƙa mai naɗewa wuƙa ce da aka karya da gangan. Wadda maƙeranmu suka gada guda ce tun daga tsini har gindi: ruwanta ya zarce ya zama wutsiya, wutsiyar ta nutse cikin mariƙi, babu wurin motsi ko ɗaya a jikinta. Ita kuwa wannan an raba ta biyu, ruwa daban, mariƙi daban, aka huda kowanne, aka zura wata siririyar ƙusa ta haɗa su. A kan ƙusar nan ruwan yake juyawa, ya miƙe idan ana bukatarsa, ya koma ya kwanta cikin tsagar mariƙi idan an gama. Da mamaki a ce mutum ya ɗauki abu mai ƙarfi ya sa masa rauni da hannunsa, sannan ya yarda ya saye shi da tsada fiye da mai ƙarfin.

Dalilin bai wuce aljihu ba. Wuƙa tsayayya sai da kube, kube kuma sai an ɗaura shi a ƙugu ko a damtse. Mai naɗewa ita ce kuben kanta. Maharbin da ya fito daga Damari ko Machika da asubahin rani, bayan an kwashe masara da dawa gonaki sun yi fayau, kaya sun riga sun yi masa yawa: ga bindiga ko kwari da baka, ga gora, ga burgami, ga ruwan sha. Idan ya tarar da zomo ko fakara ko gadar da ya harba da sauran numfashi, dole ya yanka nan take, in ba haka ba wahalarsa ta zama mushe. Addini kuma ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa don ya hutar da dabbar. Ke nan yana bukatar abin da ke kusa da hannu, mai buɗewa da wuri, mai kaifi, wanda kuma ba zai huda masa cinya ba a tsawon yinin da yake tsallake kwazazzabai.

A tiren 'yan koli na kasuwar Sabuwa, da Ɗandume, da Funtuwa, ana ganinsu jere suna ɗaukar ido. Akasarinsu ƙirar masana'antun ƙasar Sin ne, sun biyo ta hannun 'yan kasuwar Kano. Saurayi idan ya tsaya saye, abu uku yake dubawa: walƙiya, da sunan da aka buga a gindin ruwan, da kaifi. Mai kaya ya san haka, shi ya sa zai miƙa masa ita a buɗe ya ce, "Abokina, gwada a gashin hannunka ka gani." Sai ya gwada, gashi ya zube, ya zaro kuɗi.

Duka ukun ba su faɗin gaskiyar wuƙa. Walƙiya sau da yawa alama ce ta cewa an zuba wa ƙarfen sinadarin kuromiyam, wanda idan ya haura kashi 10 cikin 100 yake hana tsatsa saurin kamawa. Wannan alheri ne da damina, amma bai ce komai ba game da yanka. Wuƙar da maƙeri ya fitar daga tsohon sifirin mota takan yi baƙi da zarar ta sha jini ko ruwan lemun tsami, kuma sau da yawa ita ce ke fin mai sheƙin daɗewa da kaifi. Sunan Jamus ko Amurka da aka buga a jiki kuwa, duk mai hatimi zai iya buga shi. Shi kuma kaifin ranar kasuwa, ko murfin gwangwani aka wasa da kyau zai aske gashi sau ɗaya. Tambayar ita ce me zai rage bayan an feɗe akuya guda, an yanke igiyar kaba, an fiƙe turke.

Amsar tana cikin wutar da ƙarfen ya sha, wadda ido ba ya gani. Ƙarfen wuƙa yana ɗauke da ɗan sinadarin kabon, galibi ƙasa da kashi 1 cikin 100. Idan aka zuga shi ya yi jawur, wajen maki 800 a ma'aunin zafi, aka tsoma shi cikin mai ko ruwa farat ɗaya, sai ya yi tauri ƙwarai, amma taurin da ke tafe da saurin karyewa. Don haka sai a sake ɗumama shi a hankali, wajen maki 200, har fuskarsa ta ɗauki launin busasshiyar ciyawa, ya saki kaɗan daga taurin ya samu jimiri. Wuƙa biyu za su fito daga ƙarfe ɗaya, ɗaya ta yi shekara goma tana aiki, ɗaya bakinta ya lanƙwashe a ƙashin farko, bambancinsu 'yan mintoci ne a bakin wuta. Tsofaffin maƙera suna da hanyar ganewa: a goga magagari a kusa da bakin. Idan ya zame yana ƙara siririya, ƙarfen ya yi tauri. Idan ya kama yana cin sa cikin sauƙi yana zubar da gari, ƙarfen lagwani ne. Masu wa'azi sun daɗe suna kwatanta wannan da tarbiyya, kuma sun yi daidai. Sai dai kowace wuƙa tana da wannan labarin. Abin da mai naɗewa ta keɓanta da shi yana can wurin ƙusar.

Dubi yadda dattijon maharbi yake karɓar irin wannan wuƙa. Ba ya fara taɓa bakin. Zai buɗe ta a hankali yana sauraro, yana jin ko ruwan yana tafiya sumul ko yana kakarewa. Idan ta buɗe sarai, sai ya kama mariƙin da hannu ɗaya, ya kama gadon bayan ruwan da yatsu biyu na ɗaya hannun, ya girgiza hagu da dama, sannan sama da ƙasa. Motsin da yake nema ƙanƙane ne, wanda yatsa ke ji kafin ido ya gani. Motsin hagu da dama yana nuna ƙusar ba ta matse ba, ko ramin ya fi ta faɗi. Motsin sama da ƙasa ya fi muni, don yana nuna sakatar da ke riƙe ruwan ba ta zauna a mazauninta ba. Sai ya rufe ta, ya ɗaga ta saitin haske ya leƙa tsagar: ruwan ya kwanta a tsakiya ne, ko ya karkata yana gogar gefe ɗaya? Ya shafa yatsa a ƙarshen mariƙin ya ji ko tsinin ya ɓuya gaba ɗaya, don tsinin da ya leƙo ko da kaɗan ne zai yaga aljihu, wata rana ya yaga yatsan da ya shiga neman goro. Ya sake buɗewa ya duba bakin ko akwai wani ɗan tabo mai ƙyalli, alamar cewa idan an rufe, bakin yana dukan ƙarfen da ke ciki, wato wuƙar tana dakusar da kanta a duk rufewa. Daga ƙarshe sai ya janye yatsunsa daga hanyar ruwan, ya danna gadon bayan a jikin benci ko kututture, ya ga ko sakatar za ta saki.

Duk wannan bai kai minti biyu ba, kuma ko gashi ɗaya bai aske ba.

Tarihin irin waɗannan wuƙaƙe kusan duk tarihin neman sakata ne. Joseph Opinel ya fara ƙera tasa a yankin Savoie na Faransa a 1890, ruwa da mariƙin katako da ƙusa kawai, matsewar katakon ce ke riƙe ruwan. Sai a 1955 aka ƙara mata wani zobe a wuya, wanda ake murɗawa ya tare ruwan kada ya rufe. Okapi, wadda aka fara ƙerawa a garin Solingen na Jamus a 1902 domin kasuwannin Afirka, kafin ƙirarta ta koma Afirka ta Kudu a 1988, ita sifirinta a waje yake, kwance a gadon bayan mariƙi, da ɗan zobe da ake ja da yatsa kafin ta yarda ta rufe. A 1964 kamfanin Buck na Amurka ya fito da wadda ya sa wa lamba 110, wadda tun daga nan ta zama abin kwaikwayon masu ƙera wuƙar farauta mai naɗewa a duniya. Tsawon ruwanta santimita 9 da rabi, nauyinta ya ɗan haura giram 200, mariƙinta katako ne mai duhu da tagulla a kai da gindi. Ba adon ne ya ɗaga ta ba. A gadon bayanta akwai wani dogon ƙarfe mai haƙori a kai, idan ruwan ya miƙe sai haƙorin ya faɗa cikin wani gurbi da aka yanka a gindin ruwan, ya zauna daram, ba ya fita sai an danna can ƙarshen mariƙi. Mafarauta suka ga cewa ga mai naɗewa da za a iya dogara da ita kusan kamar tsayayya. Yawancin masu adon tagulla da ake gani a tire a yau surarta suka ɗauka. Surar tana da sauƙin kwaikwayo. Daidaita haƙori da gurbi yadda ba za a bar ko sararin silin gashi a tsakaninsu ba, shi ne aikin da ke cin lokaci da kuɗi, kuma shi ne wurin da mai neman araha yake fara ragewa, don ya san ba a ganinsa.

Me ya sa aka damu da wannan ɗan haƙori haka? A duba yadda hannu yake riƙe wuƙar. Yatsu huɗu suna naɗe da mariƙin, sun gicciye daidai a kan tsagar da ruwan yake komawa. Wuƙa tsayayya idan ta gaza, karyewa take yi, guntun ya faɗi ƙasa, mai ita ya yi asarar kuɗinsa. Mai naɗewa idan ta gaza, ba ta da wata hanya sai ta gida, kuma a kan hanyar akwai yatsun mai ita. Iyakar kaifin da ya wasa mata da daddare, shi ne iyakar zurfin raunin da za ta yi masa. Kuma ba ta yin haka lokacin da ake yanka albasa a tsakar gida. Sai an sa mata ƙarfi, hannu ya jiƙe da jini da kitse, ana cikin daji nesa da mai magani.

Haka Allah ya tsara mutane ma. Babu wanda aka halitta ba tare da wani kaifi ba: wani harshe aka ba shi, wani ilimi, wani ƙarfin damtse, wani dukiya, wani sarauta, wani iya lissafi. Kuma idan mutane suka tashi zaɓe, kaifin suke gwadawa. Mai shago yana neman yaro mai wayo. Uba yana duba saurayin da ke da abin hannu da iya gaisuwa. Unguwa tana tura mai baki ya wakilce ta. Ba laifi ba ne, wuƙa marar kaifi ba ta da amfani. Amma a tambayi duk wanda aka taɓa cin amanarsa, zai ce ba daƙiƙi ne ya cuce shi ba, kuma ba baƙo ba ne. Wanda ke cikin tafin hannunsa ne, wanda shi da kansa ya wasa: ya koya masa ciniki, ya nuna masa inda ake ajiye makulli, ya gabatar da shi ga abokan hulɗa. Wayon yana nan yadda aka gan shi ranar farko. Abin da ya saki wani ɗan wuri ne a ciki, inda baiwar mutum take haɗuwa da halinsa.

Gaɓar wuƙa aiki biyu gare ta, kuma suna kama da kishiyoyin juna. Na farko, idan an buɗe ta tsaya a buɗe komai nauyin aiki. Na biyu, idan an rufe ta zauna a rufe komai jijjigar tafiya. Mutane ma ta waɗannan fuskoki biyu suke gazawa. Akwai mai naɗewa ranar da aka jingina da shi: shaidan da ya ga komai amma ya ce bai gani ba da aka je gaban alƙali, abokin noman da ya ɓace da lokacin biyan bashin taki ya zo. Akwai kuma mai buɗewa cikin aljihu: mutumin da a waje kowa ke yabon fasahar bakinsa, amma a gida matarsa da 'ya'yansa ne ke shan tsinin, ko wanda aka ba sirri ya ajiye, tafiya kaɗan ta girgiza shi ya zube. Da wuya a samu wuƙar da ta ƙware a ɗaya ta gaza a ɗaya, don sifiri guda ne yake yin aikin biyu. Mai iya kame bakinsa a inda ya kamata, yawanci shi ne mai iya tsayawa a kan maganarsa a inda ta yi nauyi.

Akwai wani abu kuma da duk mai ɗaga dutse da sanda ya sani: gwargwadon tsawon sanda, gwargwadon ƙarfin da ke sauka a madogararta. Ruwan wuƙa ma haka ne. Mai tsawon faɗin yatsu huɗu ko biyar ya isa fiɗa da yanka, ƙusarsa kuma ba ta shan wahala. Dogayen nan da samari ke sha'awa, duk dannawa ɗaya a tsininsu tana ninkuwa kafin ta iso gaɓa, shi ya sa su ne ke fara girgiɗi. Mai ƙaramar baiwa, ɗan kamun kai ya ishe shi. Wanda aka ba mai yawa, malami ne ko attajiri ko mai mulki, nauyin da ke sauka a kan halinsa ba irin na sauran mutane ba ne, kuma idan ya saki, ɓarnar ba ta tsayawa a yatsa ɗaya.

A ƙasar Sabuwa wannan magana ba ta tatsuniya ba ce. Sabuwa tana iyaka da Birnin Gwari ta jihar Kaduna, tana kuma cikin ƙananan hukumomi 8 na Katsina da matsalar 'yan bindiga ta fi addaba, tare da Ɗandume, Faskari, Ƙanƙara, Ɗanmusa, Safana, Batsari da Jibiya. Dazukan da a da ake shiga da karnuka da ganguna, har can wajen Kamuku da Kuyambana, sun zama wuraren da ba a shiga da wasa. Maharba da yawa sun juya sanin dajinsu zuwa gadin gari, kuma a watan Oktoba na 2023 gwamnatin jihar ƙarƙashin Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma domin irin waɗannan yankuna. Gari yana bukatar jarumai, kuma waɗanda suka kwana a bakin gari don wasu su yi barci sun cancanci addu'a da girmamawa. Amma gari idan zai ɗora makami a hannun ɗansa, jarumtar ita ce mafi sauƙin ganewa. Abin da ya kamata dattawa su girgiza su ji shi ne: idan an ce masa tsaya, yana tsayawa? Idan ya kama wanda ake zargi, zai kai shi hannun hukuma, ko zai yanke hukunci a bakin rafi? Idan ƙura ta lafa, zai iya komawa gona ya zauna kamar kowa? Yankin nan ya ga yadda ramuwar gayya take haifar da wata, kuma mutanen da ke riƙe da mariƙin, wato talakawan gari, su ne a kan hanyar ruwan.

Adalci kuma shi ne a faɗi laifin hannu. Wuƙaƙe masu kyau da yawa ba masana'anta ce ta kashe su ba. An sa tsininsu an ɓanɓare murfin fenti, an ɗora su a ƙashin cinya an buga da dutse, an jefa su a jikin bishiya don wasa. Fasa ƙashi aikin adda ne ko gatari, kuma babu ƙusar da aka yi domin shi. Wanda ya ɗauki yaro ɗan shekara goma sha biyar ya damƙa masa cinikin shago gaba ɗaya, ba lissafi ba bincike, ya bar shi wata da watanni, shi ma yana da kaso a abin da ya biyo baya. Haka kuma gaɓa tana son kulawa. Jini da kitse da gashi suna shiga tsagar su bushe, ƙurar hunturu ta haɗu da su ta zama abin da ke cin ƙusa a hankali, har ta cika gurbin haƙorin ta hana shi zama. A wanke da ruwan ɗumi, a sa tsinke a sharce gurbin, a shanya, a ɗiga mai ɗigo ɗaya. Mariƙin katako yana kumbura da damina ya riƙe ruwan, ya tsuke da hunturu ya sake shi, don haka wuƙar da ta matse a watan Agusta tana iya yin sako-sako a Janairu, sai an riƙa dubawa. Idan girgiɗi ya fara, maƙeri zai ɗora kan ƙusar a uwar maƙera ya ɗan daddaka shi da ƙaramar guduma, yana buɗewa yana rufewa bayan kowane bugu. Gyaran yana ci sau ɗaya ko biyu. Idan ramin ya riga ya cinye, ko haƙorin ya gulmuɗe, maƙeri mai tsoron Allah zai ce, "Baba, wannan kada ka sake shiga daji da ita."

To, ta yaya za a san darajar abin da sai an yi shekaru da shi yake bayyana? An ruwaito cewa wani ya zo gaban Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, zai yi wa wani shaidar kirki. Sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa haɗa su. Da ya amsa cewa babu ko ɗaya, sai ya nuna masa cewa bai san mutumin ba. Mai sayen wuƙa ma hanyarsa ke nan. Kafin ya je tire, ya nemi mahauci ko maharbin da ya yi rani uku da irin wadda yake so, ya roƙe shi ya ba shi ya duba. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce; wadda aka saya sau ɗaya ta yi shekara goma ta fi wadda ake sakewa duk kaka sauƙi, ko da an ninka kuɗinta sau uku.

Tsohuwar wuƙa ta ƙwarai tana da kamanni da ake ganewa. Ruwanta ya sirance saboda yawan wasawa, tagullarta ta dushe, katakon ya yi santsi daidai inda babban yatsa ke zama. Amma idan aka buɗe ta, haƙorin yana faɗawa gurbinsa da ƙara guda, tsaf, kuma ko an girgiza babu motsi. Irin wannan ba kasafai take zuwa kasuwa ba, don masu ita sun fi barin ta ga ɗa ko ƙane. Idan bukata ta sa wani ya fito da tasa, maharban da suka san shi su ne ke fara tayawa, kuma ba su cika tsananta neman ragi ba.